Yadda Ake Gano Wurin Da Fayil Yake Kafin A Goge Shi Daga Kwamfuta

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu shagunan buga takardu da ɗalibai da sakatarorin ofisoshi a nan Birnin Kebbi ba ta yadda ake dawo da fayil ɗin da aka goge ba ce kawai, ta wurin da yake zaune tun farko ce. Wani ya ga takardu uku masu suna iri ɗaya a kwandon shara, wato inda Windows ke tara abin da aka goge, bai san wacce ta fito daga foldar bana ba, wacce ta bara. Wani kuma ya riga ya mayar da fayil ɗin, ya ɓace daga kwandon, amma ya duba ko'ina bai san inda ya sauka ba. Shi ya sa na tsara wannan jagora, kuma na fi ba da ƙarfi ga Windows 10 da Windows 11, domin su ne a kan mafi yawan kwamfutocin da ke hannun mutanenmu.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe tun daga nan. Adireshin fayil ba a jikin fayil ɗin yake ba. Kamar buhun shinkafa ne da aka kai injin casa: buhun yana gefe guda, sunan mai shi da ƙauyen da ya fito suna cikin littafin mai injin. Idan littafin ya ɓata, shinkafar tana nan amma ba a san ta wa ce ba. Dukkan matakan da ke tafe neman wannan littafi ne, kuma an jera su daga wanda ba ya taɓa komai a cikin kwamfutar zuwa wanda ke da haɗari, saboda haka kada a tsallake na farko a faɗa na ƙarshe.

Kayan da za a tanada

Ana buƙatar kwamfutar da aka yi gogewar a kanta, da kalmar sirri ta babban asusun da ke da ikon gudanar da ita, da filash guda ko faifan ajiya na waje wanda ba shi ne abin ya ɓata a kansa ba, da biro da takarda ko wayar da za a ɗauki hoton fuskar kwamfutar. A tabbatar batir ya cika ko akwai man janareta, domin binciken mataki na 6 yakan ɗauki sa'o'i, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiya sai an sake daga farko. Matakai biyar na farko ba sa cin ko kwabo. Na shida ma manhajojin da zan ambata kyauta ne, kuɗin data kaɗan na sauke su ne kawai, sai kuɗin filash ga wanda ba shi da na biyu.

1. Dakatar da aiki a kan kwamfutar

Da zarar ka gane abu ya ɓata, daina ajiye sabon abu a kan rumbun, wato faifan ajiyar kwamfuta, da ya ɓata a cikinsa. Kada ka sauke fim, kada ka kwafo hotunan biki daga waya, kada ka sa sabuwar manhaja. Dalili shi ne gogewa ba ta share abin nan take, tana sanar da kwamfuta ne cewa gurbin ya zama fili, kuma duk sabon abin da ya shigo zai iya hawa kansa. Idan kuskuren yanzu-yanzu ya faru kuma tagar foldar tana buɗe, danna Ctrl da Z tare. Sau da yawa fayil ɗin zai koma inda yake a kan idonka, ka ga magana ta ƙare.

Gargaɗi: kada ka kunna kowace manhajar share tarkace a wannan lokaci, kuma kada ka bari wani ya ce zai yi wa kwamfutar wanki don ta ƙara sauri. Aikin farko na irin waɗannan manhajoji shi ne zubar da kwandon shara da share jerin abubuwan da aka buɗe kwanan nan, wato ainihin wurare biyun da za mu nemi adireshin.

2. Buɗe kwandon shara ka karanta adireshin

Kwandon shara shi ne hoton da aka rubuta Recycle Bin a ƙarƙashinsa a fuskar kwamfuta. Idan ba ka gan shi ba, danna maɓallin Windows da harafin R tare, ka rubuta shell:RecycleBinFolder a ƙaramin akwatin da ya fito, ka danna Enter.

Mafi yawan mutane a nan suke yin tuntuɓe, domin kwandon yakan buɗe da manyan hotunan fayil ba tare da wani bayani ba. Je ka View a saman tagar ka zaɓi Details. Nan take jerin zai koma layi-layi, kuma za ka ga ginshiƙai masu taken Name, Original Location, Date Deleted da Size. Na biyun shi ne abin da kake nema, na ukun kuma ranar da lokacin gogewa. Idan ginshiƙin Original Location bai fito ba, kai linzami kan layin taken, ka danna maɓallin dama, ka sa masa alama. Idan adireshin ya yi tsawo har ƙarshensa ya yanke da ɗigo uku, danna sau biyu a kan siririn layin da ya raba shi da ginshiƙin gaba, zai buɗe gaba ɗaya. Wata hanyar kuma ita ce danna maɓallin dama a kan fayil ɗin ka zaɓi Properties, inda za ka ga sunan foldar da ya fito da girmansa da lokacin da aka goge shi.

Ga yadda ake karanta abin da ya fito. A ce an rubuta C:\Users\Ofis\Documents\Shinkafa\2023. Harafin C shi ne rumbun, Users foldar masu amfani da kwamfutar, Ofis sunan asusun, sauran kuma foldoji ne ɗaya cikin ɗaya, kamar a ce gari, unguwa, layi, gida. Idan ka danna taken Original Location sau ɗaya, kwamfuta za ta jera duk abin da ya fito daga wuri guda a haɗe, abin da ke da matuƙar amfani idan yaro ko sabon ma'aikaci ya goge abubuwa da yawa a zama ɗaya. Danna Date Deleted kuma yana jera su bisa lokaci.

Akwai wani ruɗani da nake yawan gani a sababbin kwamfutoci. Mutum zai rantse a kan Desktop ya ajiye takardarsa, amma adireshin ya nuna C:\Users\Ofis\OneDrive\Desktop. Ba ƙarya ya yi ba. OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ce ta karɓi ragamar foldar lokacin da aka shiga da asusun Microsoft, don haka Desktop ɗin da yake gani a cikinta yake, kuma za a iya samun wata tsohuwar foldar Desktop a wajenta wadda ba kowa a ciki. A kula da wannan kalma guda a tsakiyar adireshin.

Gargaɗi: kada ka ɗauki Date Deleted a matsayin hujjar kama wani kafin ka duba agogon kwamfutar. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake sayowa ƙaramin batirin agogonsu ya mutu, sai ka ga rana da shekarar da suke nunawa ba su da alaƙa da yau. Na taɓa ganin an kusa sallamar wani yaron shago saboda lokacin ya nuna tsakar dare, alhali agogon ne ya yi baya da sa'o'i masu yawa.

3. Rubuta adireshin kafin ka mayar

Wannan shi ne matakin da nake ganin ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi rainawa. Kafin ka danna Restore, wato umarnin mayar da fayil inda ya fito, rubuta adireshin a takarda ko ka ɗauki hotonsa da waya. Windows ba ta tambayarka inda za ta kai fayil, kuma ba ta gaya maka inda ta kai shi. Yana fita daga kwandon ne shiru, layin da ke ɗauke da adireshinsa ma ya tafi tare da shi.

Wata baiwar Allah da ke riƙe da lissafin wata ƙungiyar manoman shinkafa ta zo wurina daga wajen Argungu da laftof a cikin jakar leda, hankalinta a tashe. Ta ce, “Malam, na ga takardar da idona a cikin kwandon, na danna inda aka ce in danna, sai ta ɓace. Yanzu ba ta can, ba ta nan.” Na ce, “Hajiya, kin duba inda aka rubuta ta fito?” Ta ce ba ta ma san akwai wurin dubawa ba. Takardar ba ta je ko'ina ba, ta koma wata folda ce da ƙanenta ya buɗe a rumbun D shekaru biyu da suka wuce, wadda ita ba ta taɓa leƙawa ba domin kullum daga cikin Excel take buɗe aikinta. Da ta karanta layi ɗaya kafin ta danna, da ba ta biya kuɗin mota ba.

Idan foldar asali ita ma an goge ta, ba matsala, Windows za ta sake ƙirƙirar ta da sunanta ta sa fayil ɗin ciki. Idan kuma ba ka son ya koma can, kada ka danna Restore. Ja shi da linzami zuwa foldar da kake so, ko ka danna maɓallin dama ka zaɓi Cut sannan ka liƙa shi a inda ka zaɓa.

Gargaɗi: idan akwai wani fayil mai suna iri ɗaya a wurin, kwamfuta za ta tambaye ka ko ta maye gurbinsa. Kada ka yi saurin danna Replace, domin tsohon da ka dawo da shi zai danne sabon, shi kuma wanda aka danne ba ya zuwa kwandon shara. Ka kai na kwandon wata folda dabam, ka buɗe duka biyun ka gwada. Haka nan ka nisanci Restore all items idan kwandon ya cika da tarkacen shekaru, domin zai watsa su cikin foldoji barkatai.

4. Idan an riga an mayar ba a san inda ya sauka ba

Buɗe File Explorer, wato tagar duba foldoji, ka danna This PC a gefen hagu domin binciken ya haɗa dukkan rumbuna, ka rubuta abin da ka tuna na sunan a akwatin nema da ke sama ta dama. Idan sunan ya ɓace maka, rubuta nau'insa da tauraro a gaba, misali *.xlsx ga takardun Excel ko *.docx ga na Word. Idan ya fito, danna maɓallin dama ka zaɓi Open file location, zai kai ka har cikin foldar. Binciken Windows yana da nawa a kan tsohuwar kwamfuta, don haka masu gyara da yawa suna riƙe da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Everything a kan filash, wadda ke fito da sunaye cikin daƙiƙoƙi.

Kuskuren da aka saba yi a nan shi ne neman fayil da ranar yau. Mayarwa ba ta canza Date modified. Idan a watan azumin bara aka yi masa gyaran ƙarshe, da ranar bara zai dawo.

5. Leƙa ɓoyayyar foldar da kwandon yake ciki

Kwandon da kake gani na asusunka ne kaɗai. A shagon da mutum uku ke shiga da asusu uku, kowa da nasa kwandon, kuma abin da ɗaya ya goge ba ya bayyana a na ɗayan. Haka nan idan kwamfuta ta ƙi tashi aka ciro faifanta aka jona a wata, kwandon sabuwar kwamfutar ba lallai ya nuna abin da ke cikin tsohon ba. A irin wannan hali ne ake shiga ciki da hannu.

Kowane rumbu yana da ɓoyayyar folda a tushensa mai suna $Recycle.Bin, kuma a cikinta kowane asusu yana da tasa folda mai dogon suna da ya fara da S-1-5-21 ya ƙare da lamba irin 1000 ko 1001 ko 1002. Tun daga Windows Vista, duk lokacin da aka jefa fayil cikin kwando sai ya zama abu biyu. Na farko shi ne fayil ɗin kansa, wanda ake canza wa suna zuwa $R da haruffa shida na kan-mai-uwa-da-wabi. Na biyu ɗan ƙaramin fayil ne mai farawa da $I da waɗannan haruffa shidan, kuma a cikinsa ne aka rubuta girman fayil ɗin da lokacin gogewa da cikakken adireshinsa da sunansa na asali. Wannan shi ne littafin mai injin casa da na ambata. A Windows XP tsarin dabam ne, foldar sunanta RECYCLER, bayanan kuma duk suna cikin fayil guda mai suna INFO2.

Don ganin su, rubuta cmd a wurin nema na Windows, ka danna maɓallin dama a kan Command Prompt, ka zaɓi Run as administrator. A baƙin allon da ya buɗe, rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana danna Enter bayan kowanne:

cd /d C:\$Recycle.Bin

dir /a

Za ka ga foldojin asusun. Idan kana son sanin wacce ce taka, rubuta whoami /user. Shiga wadda kake so ta hanyar rubuta cd, ka ba da tazara, ka rubuta S-1-5-21 ka riƙa danna maɓallin Tab har sunan da kake nema ya cika da kansa, ka danna Enter, ka sake rubuta dir /a. A ce ka ga $IK7Q2ZD.docx da $RK7Q2ZD.docx. Rubuta type $IK7Q2ZD.docx. Farkon abin da zai fito wasu alamomi ne marasa ma'ana, kada su dame ka, bayansu adireshin zai biyo da 'yar tazara tsakanin kowane harafi. Idan shi ne abin da kake nema, kwafe tagwayensa zuwa filash da suna mai ma'ana, misali copy $RK7Q2ZD.docx E:\rahoto.docx idan filash ɗinka shi ne E. Idan folda ce sukutum aka goge, sunan foldar kaɗai ke canzawa, fayilolin cikinta suna nan da sunayensu.

Wani lokaci akan tarar da $I shi kaɗai ba tagwayensa. Wannan yakan nuna an riga an fitar da fayil ɗin daga kwandon, don haka wanda ya maƙale a mataki na 4 zai iya dacewa da adireshinsa a nan.

Gargaɗi: a Command Prompt za a rubuta waɗannan, ba a PowerShell ba, wato ɗaya allon rubuta umarni na Windows, domin can alamar dala tana da wata ma'ana kuma umarnin zai kauce. Kada ka goge ko ka canza sunan komai a cikin wannan folda, kwafa kawai. Kuma kwandon wani amana ce. Idan ba kai ne mai kwamfutar ba, nemi izini kafin ka shiga, musamman a shago inda takardun jama'a suke.

6. Idan kwandon ba kowa a ciki

Da farko ka gane dalilin da ya sa babu shi, domin shi zai nuna maka inda za ka nufa. Fayil ba ya shiga kwando idan an goge shi da Shift da Delete tare, ko ya fi girman da aka ware wa kwandon, ko an goge shi daga filash ko katin ajiya, ko daga foldar wata kwamfuta da aka haɗa da taka a ofis. Akwai kuma zaɓi a Properties na kwandon da ke sa a goge komai kai tsaye, wanda wasu masu gyara ke kunnawa don rage cunkoso. Sannan akwai Storage Sense, tsarin Windows na share tarkace, wadda idan tana kunne takan zubar da abin da ya wuce kwana 30 a kwando ba tare da ta tambaye ka ba, sai in ka canza wa'adin.

Kafin a ɗauko manhajar bincike, a bi sawun da fayil ɗin ya bari. Danna Windows da R, ka rubuta shell:recent. Za ka ga gajerun hanyoyi zuwa abubuwan da aka buɗe kwanan baya, kuma suna nan ko bayan an goge asalin. Danna maɓallin dama a kan wanda kake nema, ka zaɓi Properties, ka karanta adireshin da ke gaban Target. Kada ka danna shi sau biyu, domin Windows za ta ce ba ta sami fayil ɗin ba ta kuma tambaye ka ko ta goge gajeriyar hanyar, mai gaggawa kuwa sai ya amsa da e ya share sawun da hannunsa. Word da Excel ma suna da nasu jerin: shiga File, sannan Open, sannan Recent, za ka ga foldar a ƙarƙashin kowane suna.

Idan adireshin ya nuna OneDrive, shiga asusun ta intanet ka duba nata kwandon, wanda ke riƙe abu kwana 30 a asusun kai, kwana 93 a asusun makaranta ko wurin aiki, kuma yana nuna inda abin ya fito. Google Drive ma kwana 30 take riƙewa. Idan an taɓa kunna File History, tsarin Windows na ajiye kwafin fayiloli, a kwamfutar, je ka foldar da ka gano, ka danna maɓallin dama, ka duba Previous Versions. A gaskiya ba kasafai nake samun wanda ya kunna shi ba a wajenmu, amma dubawa ba ta wuce minti ɗaya.

Idan duk wannan bai kai ga fayil ɗin ba, sai a koma ga Recuva, wata manhajar dawo da fayilolin da aka goge. Sauke ta a wata kwamfutar, ka sa ta a filash, ka jona. Zaɓi rumbun da abin ya ɓata, ka bar ta ta yi binciken farko mai sauri. Sakamakon yana da ginshiƙin Path, wanda shi ne adireshin asali, da ginshiƙin State da ɗigo mai launi: kore yana nufin akwai kyakkyawan fata, ja yana nufin wani abu ya riga ya hau kansa. Recuva tana iya sanin adireshin ne domin rumbunan Windows masu tsarin ajiya na NTFS suna da babban kundi da ake kira MFT, inda kowane fayil ke da layinsa ɗauke da sunansa da lambar foldar da yake ciki, kuma layin yana nan bayan gogewa har sai an ba wani gurbin. Idan ka ga alamar tambaya a tsakiyar adireshin, layin foldar ne ya riga ya tafi, na fayil ɗin ya rage. Idan kuma daga kwando aka zubar da shi, zai iya fitowa da sunan $R, adireshinsa na nuna cikin $Recycle.Bin. To sai ka nemi $I mai haruffa iri ɗaya, ka dawo da su tare, ka karanta kamar yadda aka yi a mataki na 5. Mai dawo da abubuwa da yawa ya shiga Options, sashen Actions, ya sa alama a Restore folder structure, domin su sauka cikin foldojinsu maimakon a zube su wuri guda.

Microsoft ma ta fitar da tata manhajar kyauta a 2020 mai suna Windows File Recovery, wadda ake sarrafawa da rubutaccen umarni. A nan ne amfanin sanin adireshi ke fitowa fili, domin za ka iya taƙaita neman ga folda ɗaya:

winfr C: E: /regular /n \Users\Ofis\Documents\Shinkafa\

Wata manhajar ceto mai suna PhotoRec kuwa ita ce ta ƙarshe, kuma ya kamata a san halinta. Ba ta karanta kundin rumbu, tana bin faifan ne tana tsinto duk abin da ya yi kama da hoto ko takarda. Takan ceto abin da sauran suka kasa, amma da sunaye irin f0123456.jpg a cikin foldoji masu suna recup_dir, ba sunan asali ba adireshi. Wanda burinsa sanin wurin da abu ya fito ne, ba za ta amsa masa ba.

Gargaɗi: kada ka taɓa dawo da fayil a kan rumbun da kake bincike, kullum a kan filash ko faifan waje. Kada ka sayi lasisin manhajojin da ke nuna maka sunayen fayiloli kyauta sannan su nemi dala kafin su saki, sai ka gwada na kyauta tukuna, domin ganin suna ba ya nufin abin da ke ciki yana da rai. Sannan idan kwamfutarka mai SSD ce, wato sabon nau'in rumbu marar faifai mai juyawa, kamar yawancin sababbin laftof, ka sani akwai wani tsari da ake kira TRIM wanda ke share gurbin abin da aka goge cikin ɗan lokaci. A irinta za ka iya samun suna da adireshi daidai, ka buɗe fayil ɗin ka tarar da shi fanko.

7. Filash: tabbatar an goge ɗin ne

Ɗaliban da ke yawo da filash daga shago zuwa shago lokacin buga firojek su ne suka fi kawo wannan kuka, kuma sau da yawa ba abin da aka goge. Wata cutar kwamfuta ce da ta daɗe tana yawo, wadda ke ɓoye foldoji ta ajiye gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a madadinsu. Alamarta mai sauƙi ce: duba Properties na filash ɗin, idan ya nuna har yanzu a cike yake alhali ba ka ganin komai, kayanka suna nan a inda ka bar su. Kada ka danna gajerun hanyoyin, domin ta nan cutar ke shiga kwamfuta. Buɗe Command Prompt ka rubuta wannan, kana sa harafin filash ɗinka a madadin E:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldojin za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Kwashe su zuwa wuri mai tsabta, ka bincika su da rigakafin kwamfuta, sannan ka yi wa filash ɗin fomat, wato ka share shi gaba ɗaya. Idan kuwa da gaske an goge, Recuva tana aiki a kan filash, sai dai a tsarin ajiya na FAT32, wanda ke kan filash da yawa, harafin farko na gajeren suna yakan ɓata, don haka kada ka yi mamakin ganin wata alama a gurbinsa. Idan ka jona filash Windows ta ce sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi, danna Cancel.

8. Masu Mac da Linux

A Mac, buɗe Trash, ka danna maɓallin dama a kan fayil, ka zaɓi Put Back, zai koma foldarsa. A Linux abin ya fi sauƙi: cikin foldar asusunka akwai .local/share/Trash/info, kuma kowane abin da aka goge yana da ƙaramin fayil mai ƙarewa da .trashinfo, wanda idan ka buɗe za ka ga layin Path da layin DeletionDate a rubuce sarai.

9. Lokacin da za a kai wa mai gyara

Idan faifan yana ƙarar ƙwas-ƙwas, ko kwamfuta tana ganinsa tana rasa shi, ko ta faɗi ƙasa kafin abin ya ɓata, kashe ta, kada ka kunna mata kowace manhajar bincike, domin dogon karatu yana ƙarasa faifan da ya raunana. Idan ka kai ta, ka tafi da takardar da ka rubuta adireshi da sunan fayil da ranar, domin neman folda ɗaya ya fi araha da sauri a kan tono rumbu gaba ɗaya, kuma ku yi ciniki a kan cewa sai ka buɗe fayil ɗin ka ga abin da ke ciki kafin ka cika kuɗi. Ka faɗa masa a fili tun kana bakin ƙofa cewa ba ka yarda a yi fomat ko a sake ɗora Windows ba, ka kuma nemi ya fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani faifan, ya yi bincikensa a kan kwafin.